Rijiyar Da Ta Ƙi Ruwa: Abin Da Duwatsun Kafanchan Suka Koya Mana



Waɗanda suka halarci taron ƙungiya na ƙarshen rani sun san ba a tashi ana dariya ba. Maganar rijiyar burtsatse ce ta ɗaga hankali. Mun yi karo-karo wata da watanni, mai ɗari biyar ya kawo, mai dubu goma ya kawo, 'yan uwanmu na Kaduna da Abuja da Legas suka turo nasu, matan unguwa ma suka cire daga kuɗin adashi. Muka kira masu injin haƙa, suka kwana biyu injin yana ruri, ƙura fara fat tana tashi kamar ana tankaɗen gari. Daga ƙarshe suka naɗe kayansu suka ce dutse ne zalla, babu ruwa. Kuɗi suka tafi, rami ya rage mana. Abin da ya fi ciwo shi ne, ba nisa da wurin akwai rijiyar wani gida da ba ta taɓa ƙafewa ba ko a watan Maris.

A wajen taron an faɗi maganganu iri-iri. Wasu suka ce an cuce mu, wasu suka ce wurin ne ba shi da kyau, wasu kuma ba su ce uffan ba, amma idonsu na kan mu masu riƙe da littafi. Gara mu faɗi gaskiya da bakinmu. Masu haƙar sun ba mu shawara a fara kiran mai auna ƙasa kafin a kafa inji. Mu shugabanni muka ga kuɗin awo ɓarna ce, muka zaɓi wurin da ya fi kusa da hanya don sauƙin mata da yara. Garin neman araha muka yi asarar duka. Laifin namu ne, kuma mun karɓa.

Bayan an watse, wani matashi ɗan ɗaya daga cikin membobinmu, wanda ya karanta ilimin duwatsu a jami'a a Zariya, ya biyo mu har bakin ramin. Ya ɗebi garin dutsen da injin ya fitar, ya murza a tafin hannu, ya ce, "Baba, wannan garin ya riga ya faɗi dalili. In kun amince, ranar Asabar in zaga da ku ku gani da idonku." Mu biyar muka bi shi, har da dattawa biyu. Abin da muka gani muka kuma ji a ranar, da abin da muka bi diddigi daga baya, shi ne muke so mu raba da ku, domin za mu sake neman ku sa hannu a aljihu, kuma bai kamata ku sa ba sai kun san a kan me muke tsaye.

Ya fara kai mu wani fa a bakin rafi, irin wanda mata ke shanya a kai. Tun muna yara muke taka irinsa, ba mu taɓa sunkuyawa mun duba ba. Dutsen yana da ratsi-ratsi, fari da baƙi, wasu a miƙe wasu a lanƙwashe kamar an murɗa wanki. Ya ce wannan shi ne gindin ƙasarmu, tsohon dutsen da komai ke zaune a kansa, daga nan har Zariya da Kano da Abuja. Ratsin alama ce ta cewa dutsen ya taɓa zama can ƙarƙashin ƙasa, inda zafi da nauyi suka tausasa shi har ya lanƙwashe ba tare da ya narke duka ba. A cikin garin Kaduna an auna irin wannan dutse aka samu ya kai wajen shekaru miliyan 3,500, yana cikin mafi tsufa da aka sani a Afirka ta Yamma. Muka tambaya yaya ake sanin shekarun dutse. Ya ce akwai wasu ƙwayoyi ƙanana a cikinsa masu ɗauke da yuraniyom, wanda ke rikiɗewa ya koma dalma sannu a hankali bisa ƙa'idar da ba ta canzawa. In aka auna nawa ya rikiɗe nawa ya rage, sai a lissafa shekarun. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ikon Allah." Yaron ya ce ƙwarai kuwa, shi aikinsa duba sawun da abin ya bari.

Da ya ga miliyoyin sun fi ƙarfin kanmu, sai ya ce mu ɗauki kowace shekara miliyan ɗaya a matsayin taki ɗaya mai tsawon mita. Dutsen Kaduna tafiyar kilomita uku da rabi ke nan a bayanmu. Mutanen Nok da ake ta magana, waɗanda suka rayu shekaru kusan 3,000 da suka wuce, nisansu da mu bai wuce ƙwayar gero ba. Zuwan jirgin ƙasa Kafanchan kuwa kaurin silin gashi ne. Daga nan muka yi shiru muka ci gaba da saurare.

Abu na biyu da ya bayyana mana shi ne ƙasar da muke takawa ba dunƙule ɗaya ba ce. Ɓawon duniya a tsattsage yake gida-gida kamar tukunyar da ta fashe aka harhaɗa, kuma kowane ɓangare yana motsi a kan zafin da ke ƙarƙashinsa, 'yan santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin tsirar farce. Wajen shekaru miliyan 600 da suka wuce, babban ɓangaren da ya ɗauki Gana da Mali da Senegal ya yi karo da ɓangaren da muke kai. Karon ya tara tsaunuka masu tsayin gaske, ya narkar da dutse a ƙarƙashinsu. Narkakken dutsen ya huce a hankali can ciki ya zama giranit, wato dutsen nan mai ƙwayoyi da ake fasawa a yi kankare da shi. Tsaunukan sun daɗe da zaizayewa, ruwa da iska sun cinye su. Abin da ya rage shi ne saiwoyinsu, su ne duwatsun nan masu sanƙo da ke tsaye ɗai-ɗai a fili, irin Kufena a Zariya, da duwatsun Kajuru, da Zuma a hanyar Abuja. Ashe duk wanda ya hau Kufena yana tsaye ne a kan abin da ya taɓa zama kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa.

Daga nan muka nufi Kagoro. Duk ɗan Kafanchan ya san dutsen Kagoro, shi ne muke fara hangowa mu san mun iso gida. Tsayinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku, alhali garin Kafanchan yana kan mita 700 da 'yan kai. Mun ɗauka shi da Kufena sa'o'in juna ne, ashe jika ne a wurinsu. Tun 1911 wani masani Bature mai suna Falconer ya raba duwatsun giranit na Arewa kashi biyu, tsofaffi da na baya-baya, kuma har yau da wannan rabo ake aiki. Kagoro yana cikin na baya-baya, shi da duwatsun Jos da Nok da Mada da Kudaru da Riruwai ta jihar Kano. Waɗanda ke kewayen Jos shekarunsu tsakanin miliyan 150 da 170 ne. Waɗannan ba karo ne ya haife su ba. Zafi ne ya taso daga ƙasa ya huda tsohon dutsen, aka yi manyan duwatsu masu aman wuta. Da suka amayar da cikinsu, samansu ya rufta, narkakken dutse ya bi tsagar da ke kewaye ya cika ta ya daskare. Shi ya sa da yawansu in aka duba a taswira suke a kewaye kamar zobe. Saman ya zaizaye tuntuni, muna ganin gindin ne kawai.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne irin waɗannan duwatsu sun jeru ne a layi ɗaya daga arewa zuwa kudu, fiye da kilomita 1,000. Sun faro daga Azbin a Nijar, suka bi ta Damagaram da Muniyo, suka shigo ƙasar Kano da Bauchi, suka ratsa Jos da Kagoro, suka ƙare a dutsen Afu kusa da Binuwai. Na Azbin sun fi shekaru miliyan 400, na Afu wajen miliyan 140, wato kana yin kudu suna raguwa da shekaru. Wani daga cikinmu da kakansa ya zo daga Damagaram da fataucin kanwa ya yi dariya ya ce ashe dutse ma ta hanyar nan ya biyo.

A daidai lokacin da na ƙarshensu ke daskarewa ne Afirka ta fara rabuwa da Kudancin Amurka, tekun Atlantika ya buɗe a tsakani. Wanda ya dubi taswira zai ga ƙugun Barazil ya dace da lungun da Najeriya da Kamaru suke, kuma duwatsun arewa maso gabashin Barazil dangin namu ne. Tsagar ta so ta shigo cikin ƙasa ta raba Najeriya biyu, amma ta tsaya a hanya. Kwarin da ta bari shi ne kwarin Binuwai, wanda daga baya teku ya shiga ya cika shi da yashi da laka. Mu muna gefensa na arewa, a gindin tudun Jos. Wanda ya taɓa hawan Hawan Kibo a babbar mota ya san inda tudun ya fara.

Da azahar muka isa Matsirga, kusa da Madakiya. Yawancinmu rabonmu da wurin tun muna 'yan makaranta. Kafin mu kai ga ruwan, yaron ya tsinci wani baƙin dutse mai nauyi a gefen gona ya ba mu mu gwada da giranit ɗin Kagoro da ya sa a aljihu. Na Kagoro ana ganin ƙwayoyinsa da ido, wannan kuwa sumul yake, wani wurin da 'yan ramuka kamar na burodi. Ya ce sunansa basalti, kuma shi ne autan duwatsun yankin nan. Narkakken dutse ne da ya fito har sarari ya malala kamar kunu, ya bi kwari ya cika, ya huce da sauri, shi ya sa ƙwayoyinsa ba su samu damar girma ba. Ramukan kuwa gurbin iskar da ta kumbura a ciki ne. Irin wannan malala ta rufe wurare a kewayen Kafanchan da Manchok, kuma shekarunta ba su wuce miliyan biyu da 'yan kai ba, wasu ma ƙasa da haka sosai. A ma'aunin takin nan, taki biyu ke nan. A kan tudun Jos har yanzu ana ganin bakunan da irin wannan wuta ta fito, a Panyam da Kerang da Miango, har da tafkin Pidong da ya taru a cikin bakin ɗaya daga cikinsu a ƙasar Mangu.

A Matsirga ruwa yana faɗowa daga tsayin da ya kai mita 25 zuwa 30. Ya nuna mana dalilin da ya sa akwai faɗuwar ruwa a nan. Saman gaɓar dutse ne mai tauri, ƙasansa kuma ya fi taushi. Ruwan da ke faɗowa yana cin na ƙasan, yana rarake shi, har ya zama akwai rumfa a bayan ruwan. In rarakar ta yi zurfi sai leɓen saman ya karye ya faɗi, gaɓar ta ja baya kaɗan. Manyan duwatsun da ke zube a gindin ruwan su ne shaidar haka. Wato Matsirga tana tafiya da baya, sai dai tafiyar da ran mutum ɗaya bai isa ya lura da ita ba.

A nan ne muka fara gane cewa duk abin da muke ci muke sha yana da alaƙa da waɗannan duwatsu uku. Mu fara da ruwan sama. Iskar damina tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma ɗauke da danshi. In ta iso gindin tudun Jos da dutsen Kagoro dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta zubar da ruwa. Shi ya sa yankinmu kan samu fiye da milimita 1,500 a shekara, Kano kuwa ba ta cika kai 1,000 ba. Shi ya sa kuma ake da kurmi irin na Nindam, ake ganin kwakwar manja a Arewa, doya da citta da gwaza suke yi. Ruwan nan kuma in ya sauka rabuwa yake yi. Na wajen Zangon Kataf yana bin kogin Kaduna ya faɗa Neja, namu na Kafanchan yana gangarawa kudu ta Kogum zuwa kogin Mada ya faɗa Binuwai. Ba su sake haɗuwa sai a Lakwaja.

Ƙasar noma ma dutse ne da ya ruɓe. Giranit in ya ruɓe yana ba da yashi da tsakuwa da yumɓu, wani wurin har da farar ƙasa. Baƙin dutse in ya ruɓe yana ba da jar ƙasa mai danƙo mai riƙe ruwa, wadda ta fi ƙarfi wajen amfanin gona. Manomanmu sun daɗe da sanin wace gona ta fi wace, ko da ba su san sunan dutsen da ke ƙasa ba. Marmara kuwa, wadda ake zubawa a hanya, ƙarfe ne da ya taru ya daskare bayan damina da rani sun daɗe suna wanke ƙasa suna busar da ita. Irinta ce ta rufe kan Dala da Gwauron Dutse a Kano, kuma daga irinta maƙeran da suke samun tama. Duwatsun da muke gani ɗaya a kan ɗaya kamar an ɗora da hannu, irin na Riyom, ruwa ne ya bi tsagoginsu ya ci kusurwoyin tun suna binne, daga baya ƙasar da ke kewaye ta zaizaye ta bar su a tsaye.

Garin Kafanchan kansa dutse ne ya kawo shi. Duwatsun nan na baya-baya su ne masu ɗauke da kuza. Tun kafin zuwan Turawa Hausawa suna narka kuza a Riruwai suna fatauci da ita. Da Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20 suka buɗe ma'adinan Jos, sai aka buƙaci hanyar fitar da kuza zuwa teku. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna ta Kafanchan, aka kuma ja reshe zuwa Jos. Mahaɗar nan ce ta tara ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa da masu sana'a daga ko'ina, Hausa da Ibo da Yarbawa da sauransu, suka zauna tare da mutanen da suka tarar. A shekarun 1930 fadar Sarkin Jama'a ma ta taso daga tsohon mazauninta ta dawo nan. Da yawa daga cikinmu in muka bi tarihin gidanmu za mu tarar da kaka mai aikin reluwe ko mai wankin kuza. Maƙwabtanmu na Kagoro su ma dutsen ya shiga tarihinsu, domin a kansa suka zauna suka tsare kansu a zamanin hare-hare, kuma har yau ranar 1 ga Janairu suna bikin Afan a gindinsa.

Garin haƙar kuza ne kuma aka tono abin da ya kai sunan yankin nan duniya. A 1928 masu haƙa suka ci karo da wani ɗan mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba. A farkon shekarun 1940 aka samu wani kan mutum na yumɓu a ma'adinan wajen Jama'a, wanda ya yi shekara guda a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Bernard Fagg a Jos. Fagg ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne, ya sa mata sunan Nok, kuma a 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos. Mutanen nan suna cikin na farko da aka sani da narka ƙarfe a Afirka ta Yamma. Yumɓun da suka sarrafa da tamar da suka narka duk daga ruɓewar duwatsun nan suka fito.

Har gobe ƙasar ba ta daina fitar da abin da ke jan mutane ba. Safaya da ake samu a wajen Nisama da Gidan Waya baƙin dutsen nan ne ya ɗauko ta daga can ƙasa, da ya ruɓe ruwa ya tara ta a tsakuwar rafi. A wajen Gwantu an samu zumurrudu, a Godogodo da kewaye ana samun kuza da tantalayit a jijiyoyin tsohon giranit, a 2016 kuma labarin nikel ɗin Dangoma ya cika jaridu. Wannan arziki ne, amma mun san abin da ke biyo shi. Mun san yaran da suka bar makaranta suka tafi rami. Mun san yadda ake haƙa a ƙasa mai taushi ba tare da tokari ba, damina ta zo ramin ya rufta da mutum. Mun san gonakin da aka sayar da kuɗi kaɗan aka bar su rami-rami, ba noma ba kiwo. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya je tudun Jos ya ga kududdufan da kamfanonin kuza suka bari, waɗanda har yanzu suke cin mutane da dabbobi, shekaru bayan kasuwar kuza ta faɗi a 1985.

Wani ya tambayi yaron ko wutar nan za ta iya dawowa, ya kuma tuna masa abin da ya faru a Kwoi. Kowa yana tuna ranakun 11 da 12 ga Satumbar 2016, daidai babbar sallah, lokacin da ƙasa ta yi ta motsi a Kwoi da Nok da ƙauyukan kewaye, bangaye suka tsage, mutane suka kwana a waje. Ya ce wannan ba aman wuta ba ne. Tsohon dutsen da muke kai cike yake da tsofaffin tsagogi, kuma lokaci zuwa lokaci ɗaya takan ɗan gyara zama. Ƙarfin na Kwoi wajen maki 3 ne a ma'aunin girgizar ƙasa, ƙarami ne in aka kwatanta da na ƙasashen da ke bakin ɓangarorin ɓawon duniya, irin Turkiyya da Japan. Mu muna tsakiyar ɓangare ne, haɗarin kaɗan ne. Amma a 2018 an sake jin irinsa a Mpape a Abuja, kuma akwai cibiyar gwamnati a Toro ta jihar Bauchi da ke sa ido a kan wannan. Darasin da ya ce mu ɗauka shi ne a daina rowar siminti da rodi a harsashin gini, musamman makaranta da masallaci da duk inda jama'a ke taruwa.

Sai da rana ta yi sanyi muka dawo bakin raminmu, kuma a lokacin mun riga mun hango amsar. Mu da yawa mun ɗauka akwai wani kogi ko tafki shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, duk inda ka huda za ka same shi in ka yi zurfi. A wuraren da ƙasansu yashi ne mai kauri, kamar yankin tafkin Chadi da Sakkwato, abin ya yi kusa da haka. A nan ba haka ba ne. Dutse mai lafiya ba ya riƙe ruwa. Ruwanmu yana zama ne a wuri biyu, cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama in yana da kauri, da cikin tsagogin dutsen da ke ƙasa. Inda baƙin dutse ya rufe tsohon rafi, akan samu ruwa a tsakuwar da ya binne. Rijiyar maƙwabcinmu ta faɗa inda ruɓaɓɓen ya yi kauri. Tamu ta faɗa kan doron dutse mai lafiya da ya taso kusa da sama, shi ya sa garin ya fito fari a bushe tun daga 'yan mitoci na farko. Ko da mun ninka zurfin, in ba mu ci karo da tsaga ba, ƙura za mu ci gaba da saya. Mai auna ƙasa yana kafa ƙarafa ne a layi ya tura wutar lantarki, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin wuta ta wuce, busasshen dutse kuma yana tare ta. Daga nan ya gane inda ruɓaɓɓen ya yi zurfi ko inda tsaga take. Yaron bai ɓoye mana ba cewa awo ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, amma ya fi harbi cikin duhu nesa ba kusa ba.

Saboda haka ga abin da kwamiti zai kawo gaban taro mai zuwa. Za a yi awo a wurare uku kafin a sake kiran inji, kuma za a karanta sakamakon a gaban kowa. In awon ya nuna wuri mai ɗan nisa da hanya, can za mu bi, mu ja famfo daga baya. Za a yi awon da haƙar a ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya fi ja baya, don kada damina ta ruɗe mu. Za a duba nisan wurin da masai da bola, domin ruwan da ke cikin tsaga ba ya tacewa kamar na cikin yashi. Tsohon ramin kuma za a toshe shi da siminti a wannan makon. Mu shugabannin da muka yanke shawarar farko mun amince mu biya kuɗin awon daga aljihunmu.

Muna kuma roƙon iyaye da malamai. Yaranmu suna haddace sunayen duwatsun ƙasashen waje don jarrabawa, ga Kagoro da Matsirga da Nok a bayan gida ba a taɓa kai su ba. Matashin nan ya ce a shirye yake ya zaga da 'yan makaranta lokacin hutu ba tare da an biya shi ba, in an samu mota da manya masu rakiya. Duk mai gona da aka zo masa da maganar haƙar ma'adini, ya tuntuɓi wanda ya sani kafin ya sa hannu a takarda. Wanda kuma ya san wata tsohuwar rijiya ko idon ruwa a unguwa da ba ya ƙafewa da rani, ko ya ji daga bakin iyaye inda aka taɓa samun irinsa, ya sanar da mu kafin taro, domin mai awon ya ce wannan bayani yana rage masa rabin aiki.

Muna neman afuwar duk wanda kuɗinsa ya shiga ramin farko. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya zaunar da garinmu lafiya.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti.